Abin da ke fitar da mai zaɓe daga gida, da abin da ke zaunar da shi

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista a Najeriya ne suka kaɗa ƙuri'a. Zuwa 2023 adadin bai kai kashi 27 ba: cikin mutum sama da miliyan 93 da ke kundin hukumar zaɓe ta INEC, kimanin miliyan 25 kaɗai suka fito.

An fi ɗora laifin a kan yanke ƙauna da 'yan siyasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika ambato ba, wato ɗawainiyar zaɓen kanta.

A ɗauki misalin Fadan Kagoma da ke ƙaramar hukumar Jema'a a kudancin Kaduna. Doka ta ce kowa ya yi zaɓe a rumfar da ya yi rajista. Ɗan garin da ke aiki a Abuja, alhali rajistarsa ta gida ce, sai ya biya kuɗin mota ya iso kafin a hana zirga-zirga. A 2019 INEC ta ɗage zaɓen 16 ga Fabrairu zuwa 23 ga wata ana saura sa'o'i a buɗe rumfuna, lokacin da irin waɗannan matafiya sun riga sun sauka. Ba kowa ke da halin tafiya ta biyu ba. A 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya ƙara tsananta lamarin.

Tsoro ma yana zaunar da mutane. Tarzomar bayan zaɓen shugaban ƙasa a Afrilun 2011, wadda ta shafi Kafanchan da Zonkwa, ta sa aka ɗage zaɓen gwamnan Kaduna zuwa 28 ga wata. Ɗan Fadan Kagoma, marigayi Patrick Yakowa, shi ya lashe.

A Ostireliya kuwa zaɓe wajibi ne tun 1924, wanda ya ƙi fita ana cin sa tara, kuma kusan kashi 90 ke fitowa. Amma ba tarar kaɗai ke aiki ba: mutum na iya kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar, ko ya aika ta gidan waya.

Wajibi ne kuma a yi hattara da tsofaffin alƙaluman Najeriya. Kafin na'urar tantance kati ta 2015 da BVAS ta 2023, aringizon ƙuri'u ya fi sauƙi, don haka ba kowace ƙuri'ar 2003 ba ce za a rantse cewa mutum ne ya kaɗa ta.