Tsohuwa Da 'Yan Fashi Biyar: Daga Majigi Zuwa Dandamali

A ƙauyen Bagnor, kusa da garin Newbury a kudancin Ingila, akwai wani tsohon gidan niƙa a bakin kogin Lambourn wanda aka mai da shi gidan wasan kwaikwayo tun cikin 1967. Sunansa Watermill, kuma kujerun 'yan kallo a ciki ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Wanda ya zauna a layin gaba, in ya miƙa hannu, saura kaɗan ya taɓa rigar ɗan wasa. To, a wannan ɗan wuri ne cikin 2015 aka ɗauko labarin da ke bukatar gida mai bene, da hanyar jirgin ƙasa, da fashin motar kuɗi, da gawa biyar, aka ce za a nuna shi gaban jama'a.

Labarin kuwa shi ne The Ladykillers, watau masu kashe mata. Asalinsa majigi ne da kamfanin Ealing na London ya fitar cikin 1955. Alexander Mackendrick ne ya ba da umarni, wani Ba'amurke mai suna William Rose ya rubuta, wanda ya ce a mafarki ya ga labarin tun daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin yake. Wata tsohuwa, Misis Wilberforce, mijinta ya daɗe da nitsewa da jirginsa a teku, tana zaune daga ita sai akunta a wani karkataccen gida bisa ramin da jiragen ƙasa ke bi su shiga tashar King's Cross. Ta saba zuwa ofishin 'yan sanda da ƙararrakin da ba su da kai ba su da gindi, har sun gaji da ita, sai dai su lallashe ta su sallame ta. Ran nan sai ga wani mutum mai ladabi ya zo neman hayar ɗaki, ya ce shi Farfesa Marcus ne, yana da abokai huɗu da za su riƙa zuwa suna koyon kiɗan gogen Turawa. Ashe 'yan fashi ne. In sun rufe ƙofa sai su ɗora faifai a garmaho, kiɗan Boccherini na tashi, su kuwa suna can suna shirya yadda za su tare motar kuɗi. Tsohuwa kuma ba ta barinsu su sha iska, bini-bini ta ƙwanƙwasa ƙofa da tiren shayi. Duk wanda ya taɓa zaman haya a gidan da mai shi ke zaune a ciki ya san irin wannan alherin da ke hana mutum sakat.

Fashi ya yi kyau, sun sami fam dubu 60. Tsohuwar ce ma suka aika tasha ta karɓo akwatin kuɗin ba ta sani ba, kuma 'yan sanda da kansu suka taya ta kawo shi gida. Sai a bakin ƙofa, ana sallama, akwatin babban goge ya buɗe, kuɗi suka watse gabanta. Ta ce sai ta kai ƙara. Suka ce to sai a kashe ta. Aka yi ƙuri'a, amma duk wanda ta faɗa kansa sai hannunsa ya yi sanyi. Daga nan suka koma cin amanar juna, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana jefa gawa cikin taragon jirgin kaya da ke wucewa ƙarƙashin gidan. Shi Farfesan ne na ƙarshe, ƙarfen alamar jirgi ya sauko ya kwaɗa masa a ka. Gari ya waye, tsohuwa ta tafi wajen 'yan sanda ta faɗa musu gaskiya duka. Ba su yarda ba, suka ce ta riƙe kuɗin.

Mutum biyar sun mutu, 'yan kallo kuwa suna ta ƙyaƙyata dariya. Wannan shi ne irin wasan da Turawa ke yi na ban dariya a kan mutuwa da mugunta, kuma yana da wuyar sha'ani ƙwarai. In aka nuna kisan da gaske, dariya ta gudu. In aka mai da shi shashanci zalla, to babu wanda zai ji tsoron a kashe tsohuwar, kuma in babu wannan tsoron labarin ya zama fanko. A majigi, Mackendrick ya sami mafita a wajen jirgin ƙasa: ƙara ta taso, hayaƙi ya turnuƙe, kafin ya washe mutum ya ɓace. Ba a ga jini ba. Sa'an nan yana da Alec Guinness a matsayin Farfesa, da haƙora zaƙo-zaƙo da dogon mayafin wuya, yana murmushin da ke sa tsigar jiki ta tashi. Peter Sellers da Herbert Lom suna cikin 'yan fashin, tun kafin su shahara tare a majigin Pink Panther.

Rubutun da gidajen wasa ke amfani da shi na Graham Linehan ne, mutumin Ailan. An fara nuna shi a Liverpool Playhouse cikin watan Nuwamba 2011, sa'an nan aka kai shi gidan wasa na Gielgud a London. Sean Foley ne ya ba da umarni, Peter Capaldi ya fito Farfesa, Marcia Warren ta fito tsohuwar. Can akwai kuɗi da fili. Michael Taylor ya gina gidan sukutum a kan dandamali, a karkace, yana girgiza in jirgi ya wuce. Da aka zo wajen fashi kuwa, sai aka sa ƙananan motocin wasan yara suna bin juna a jikin bango, jama'a suka yi ta tafi. Wasan ya shiga takarar lambar Olivier har guda biyar cikin 2012.

Linehan bai kwafi majigin baki da baki ba. Ya tattara kusan kome cikin gidan, ya ƙara wa kowane ɗan fashi wani hali nasa na dabam, ya sa tsohuwa tana ta taka wa Farfesa mayafin wuya. Babbar ƙarinsa ita ce inda tsohuwa ta gayyato ƙawayenta su saurari makaɗan. Babu wanda ya iya riƙe goge a cikinsu, dole suka yi ta ƙiƙi-ƙaƙa, Farfesa ya miƙe ya ce ai sabon salon kiɗa ne na zamani, tsofaffi suka yaba don kada a ce ba su waye ba. Wurin yana da daɗi, babu shakka. Amma fa an biya kuɗinsa. Wasan dandamalin ya fi majigin hayaniya da guje-guje, kuma wannan sanyin tsoro da ke tafe da Guinness duk inda ya sa ƙafa ya ragu ƙwarai.

Ƙaramin gida irin Watermill, ko ƙungiyoyin 'yan sa kai da ke wasa a ɗakunan taro na ƙauyuka, ba su da abin gina irin gidan London. Duk da haka tilas a ga falo a ƙasa, da ɗakin haya a sama, da matakala, da taga mai kallon hanyar jirgi, domin rabin dariyar tana cikin ganin tsohuwa na hawowa da shayi alhali 'yan fashi na rige-rigen ɗaukar goge. In 'yan kallo ba su ga wuraren biyu lokaci guda ba, an yi asara. Jirgin kuwa sai dai a yi shi da ƙara, da walƙiyar fitila, da ɗan hayaƙi, da kofuna masu kaɗawa a kan kanta. Kuma wanda aka jefa ta taga mutum ne mai rai, gobe ma zai sake faɗawa, saboda haka sai an tanadi inda zai sauka.

Sai dai ƙanƙantar wurin tana da nata amfani. Labarin ai na mutane biyar ne da suka maƙale a ɗaki ɗaya, ba su yarda da juna ba, ba su da hanyar fita sai ta gaban tsohuwa. A babban zaure ana kallon wannan daga nesa kamar hoto. A ɗaki mai kujera ɗari biyu kuwa, ɗan kallo yana ganin gumin Farfesa, yana jin numfashin wanda ƙuri'a ta faɗa wa. Abin da rubutun ya zubar na tsoro, kusanci yana iya maido da wani abu daga ciki, in dai 'yan wasan sun haƙura da neman dariya a kowane layi.

Me ya sa ƙananan ƙungiyoyi ke rububin wannan wasa? Amsar ba ta da nisa da aljihu. Suna ne da mutanen Ingila suka sani tun suna yara, saboda haka tikiti na sayar da kansa. 'Yan wasa ba su da yawa, wuri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma babban matsayi na tsohuwa ne, abin da ba a cika samu ba, alhali dattijai mata su ne ƙashin bayan irin waɗannan ƙungiyoyi. Ga ƙaramin gida, wasa ɗaya da bai ja jama'a ba yana iya cinye ribar shekara. Shi kansa Watermill, cikin Nuwamba 2022 hukumar da ke tallafa wa fasaha a Ingila ta sanar da janye kuɗin da take ba shi duk shekara. Bai rufe ba, har ma jaridar The Stage ta ba shi lambar gidan wasa na shekara cikin 2024, tare da babban gidan wasa na ƙasa.

Wasu sun taɓa gwada labarin ta wata fuska. 'Yan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, sun mai da shi jihar Mississippi ta Amurka cikin 2004 da Tom Hanks, amma bai karɓu kamar na asali ba. A gidan wasa na Lyric da ke Belfast kuwa, cikin 2017, mata ne suka fito a matsayin 'yan fashin duka.

Kowace irin fuska aka ba shi, nauyin wasan yana kan wadda ta fito Misis Wilberforce. Ba a son ta yi wayo, ba a kuma son ta zama abin tausayi. Ita dai ta san daidai ta san ba daidai ba, kuma tana yi wa 'yan fashi faɗa kamar yaran da suka fasa mata tulu. Katie Johnson, wadda ta fara yin wannan matsayi, ta haura shekara 75 lokacin da aka ɗauki majigin, bayan ta shafe rayuwarta tana fitowa a ƙananan matsayi. Da shi ta ci lambar gwanar 'yar wasa ta Ingila ta wannan shekara. Majigi ɗaya kawai ta ƙara yi bayansa, ta rasu cikin 1957.