Ruwan Tuffa: Daga Matsa Zuwa Khal

Khal tuffa da ake jera kwalabensa a shagunan magungunan Musulunci, ruwan tuffa ne da ya tsimu sau biyu. Manoman Somerset da Herefordshire a yammacin Ingila, da na Nomandi a Faransa da Asturiyas a Sifaniya, a tsimuwar farko suke tsayawa, su sha shi giya. Ita ce sida, kuma a al'adance a gidajen gona ake haɗa ta idan kaka ta yi.

Ba tuffar kasuwa mai zaƙi suke nema ba. Irin su Dabinett da Kingston Black, in ka gatsa, bauri ne zai kama maka harshe kamar ɗanyar kanya, amma wannan baurin shi ke ba abin shan jiki. Akan dandaƙe 'ya'yan, a naɗe su cikin yadi hawa-hawa (mutanen da tattaka suke shimfiɗawa), a danne da matsa ta katako har ruwan ya tsiyaye. A tsohuwar al'ada ba a ƙara sukari, ba a zuba yis. Wanda ke jikin ɓawon tuffar da katakon matsar ya wadatar: shi zai cinye zaƙin ya mai da shi barasa, ganga ta yi ta kumfa tana fitar da gas. Sanyin hunturu kan ja aikin har watanni, kuma ƙarfin barasar kan tsaya wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari.

A Ingila har ladan ƙwadago aka riƙa biya da sida. Leburan gona na karɓar wani kaso na haƙƙinsa a tulu, sai a 1887 majalisa ta haramta hakan. Ni dai ban ga karamci a ciki ba. Mai gona ne ya sami hanyar rage kuɗin da zai fitar.

Babban abin tsoron mai gangar sida shi ne iska. Shi ya sa yake cika ta taf, ya toshe bakinta da ɗan lanƙwasasshen bututu mai ruwa, gas ya fita, iska kuwa ba ta samun hanya. Da zarar ta shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya za su faɗa wa barasar su juya ta tsami, kamar yadda Louis Pasteur ya bayyana a shekarun 1860. Har wata fata mai yauƙi takan taso a sama, wadda ake ɗiba a haɗa wani sabon khal. Asarar manomin Somerset ke nan, kuma ita ce hajar mai shagon magani.

A nan fiƙihu ya shigo. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta halatta. Inda suka saɓa shi ne idan mutum ne ya sa hannu ya juya ta: Hanafiyya sun yarda, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana a zuba mata wani abu don ta juye.