Lahadi Ɗaya A Tsibirin Malita: Sujada, Motar Haya, Da Jirgin Da Ba Ya Jira

Da bazarar nan ne wata 'yar ikilisiyarmu da take aikin jinya a Ingila ta bugo mini waya da dare. Ta daɗe tana tara kuɗi domin ta kai mahaifiyarta, wadda tsohuwar shugabar zumuntar mata ce a wajenmu, yawo cikin babban jirgin ruwa a Bahar Rum. Irin jiragen nan tafiyar dare suke yi, gari ya waye sun tsaya a wata tasha, fasinjoji su sauka su yini, da yamma kowa ya koma. Ta ce, "Malam, ga matsala. Ranar da za mu tsaya a Malita Lahadi ce. Jirgi zai shiga ƙarfe 8 na safe, ya tashi ƙarfe 5 na yamma. Mama ta ce ba za ta yi fashin sujada ba, kuma sai ta ga inda jirgin Manzo Bulus ya fashe. Kuɗin motar da masu jirgi suke shiryawa kuwa ya fi ƙarfina, sai dai motar haya."

Na yi dariya, domin kuwa wannan tambaya tawa ce ta kowane mako. Duk ma'aikacin ikilisiya da yake fita daga Gude da safiyar Lahadi zuwa ƙauyukan da suke tsakanin Kabo da Gwarzo, ba shi da babur na kansa, ya san cewa samun motar tafiya ba shi ne abin damuwa ba. Abin tambaya shi ne motar ƙarshe ta dawowa, da ƙarfe nawa take wucewa. Na taɓa kwana a kan benci cikin majami'a saboda na biye wa fura da gaisuwa, na fito bakin titi na tarar ba ko acaɓa. Saboda haka na ce mata ta samo taswira da jadawalin motoci, mu zauna a waya mu yi lissafi daga baya zuwa gaba.

Kafin lissafin, bari mu ga tsibirin. Malita, wadda yau ake rubutawa Malta, tana tsakiyar Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili ta Italiya, sama da kilomita 300 arewa da Libiya. Tsawon babban tsibirin kilomita 27 ne kawai, wato bai kai rabin tafiyar Kano zuwa Gwarzo ba, amma mutanen ƙasar sun haura 500,000. Ta sami 'yanci daga Ingila a 1964, shekara huɗu bayan namu, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Kuɗinsu yuro ne, kuma ɗan Nijeriya sai da bizar Shengen zai taka ƙasar, ko da na yini ɗaya ne. Har yanzu a hannun hagu suke tuƙi, kamar yadda muke yi kafin 1972, don haka mai tsallaka titi ya fara duba dama.

Labarin da ya sa Mama ta ƙwallafa rai yana cikin Ayyukan Manzanni sura 27 da 28. Wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu ana kai Bulus Roma a ɗaure, cikin jirgin alkama na Iskandariya mai ɗauke da mutum 276. Guguwa ta yi ta kora su har dare goma sha huɗu, jirgin ya kafe a rairayi ya wargaje, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba. Mutanen tsibirin suka hura musu wuta saboda ruwa da sanyi, maciji ya maƙale a hannun Bulus bai yi masa kome ba, ya kuma yi wa mahaifin Babiliyas, shugaban tsibirin, addu'a ya warke daga zazzaɓi da atuni. Wata uku suka yi a can. Har yau ranar 10 ga Fabrairu ranar hutu ce a ƙasar, domin tunawa da fashewar jirgin nan.

Akwai wani abin da ya ba ni daɗi ƙwarai sa'ad da muke binciken jadawalin. Harshen Malita daga Larabci ya samo asali, ko da yake da haruffan boko suke rubuta shi. Lahadi suna ce mata il-Ħadd, Alhamis il-Ħamis, Juma'a il-Ġimgħa. Talatin, hamsin da sittin kusan yadda muke faɗa haka suke faɗa. Mafi yawansu Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma sunan da suke kiran Mahalicci da shi a cikin majami'unsu shi ne Alla. Waɗanda sukan tambaye mu dalilin da ya sa Littafi Mai Tsarki na Hausa yake cewa Allah, ga mutanen Turai masu yin haka ɗaruruwan shekaru. Turanci shi ne harshen hukuma na biyu, don haka tambayar hanya ba ta da wuya.

To, lissafi. Jirgin da zai tashi ƙarfe 5, masu shi sukan ce kowa ya kasance a ciki rabin sa'a kafin lokacin, wato 4:30. Wanda ya bi motar da masu jirgi suka shirya, in an makara za a jira shi, gama su suka kai shi. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa, in ya makara sai ya tarar da ruwa kawai, sa'an nan ya nemi kuɗin jirgin sama da masauki ya bi su tasha ta gaba. Ga tsohuwar da magungunanta suke cikin ɗakin jirgi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka na ce mu ɗauki ƙarfe 4 a matsayin iyaka, mu manta da 5 ɗin nan ɗungum. Na kuma ja kunnenta game da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Malita yana gaba da namu da sa'a ɗaya, agogon hannun Mama kuwa lokacin Kano yake nunawa, ba ta yarda a taɓa shi.

Jiragen suna tsayawa ne a ƙarƙashin ganuwar babban birnin, Baleta, wanda a allunan hanya za a ga an rubuta Valletta. Birnin a kan tudu yake, an kafa shi a 1566. Daga bakin ruwa akwai ɗan tattaki zuwa wata na'urar hawa mai tsawon mita 58 da aka buɗe a 2012, wadda take ɗaga mutum zuwa lambun Barrakka na sama a kan kuɗi kaɗan. Mai ciwon gwiwa kada ya yi jayayya da wannan kuɗi. Daga lambun zuwa babbar tashar motoci, wadda take daf da ƙofar gari, 'yan mintoci ne a ƙafa. Jirgin ƙasa babu, tun 1931 aka rufe shi. A dā motocinsu tsofaffi ne masu launin rawaya, kowace da mai ita, an yi musu zane da kalmomin addini kamar manyan motocinmu na katako; a 2011 aka janye su. Na yanzu suna da lamba da jadawali, ba a jiran lodi, ba yaron mota, ba ɗan kamasho. Wajen direba ake yankar tikiti, kuɗinsa bai kai yuro 3 ba, kuma yana aiki har sa'a biyu ko da mutum ya canza mota. Tun Oktoba 2022 mazauna ƙasar masu kati kyauta suke hawa, baƙo ne yake biya. Wannan ya ƙara cunkoso, kuma motar da ta cika wucewa take yi, ko an ɗaga mata hannu. Jadawalin Lahadi ba daidai yake da na ranakun aiki ba, a wasu hanyoyin motocin sukan ragu, don haka layin il-Ħadd ne abin dubawa.

Sai batun sujada, wanda shi ne ya raba yinin biyu. A cikin Baleta akwai majami'ar Angilikan mai sunan Bulus, wadda aka gama gininta a 1844 da kuɗin Sarauniya Adelaide ta Ingila, dogon hasumiyarta ana hango shi daga teku. Akwai ta Andarawus, ta haɗin gwiwar ikilisiyar Sikotilan da Metodis, inda 'yan Afirka da yawa suke zuwa. Duk da Turanci suke yi. 'Yan'uwanmu Katolika kuwa majami'u sun yi musu yawa, har da wadda aka sa wa sunan fashewar jirgin Bulus. Babbar majami'ar Yohanna, wadda masu yawon buɗe ido suke tururuwa su ga zanen fille kan Yohanna Mai Baftisma na 1608, ba ta buɗe wa 'yan kallo ran Lahadi, sai masu sujada. Ni dai na ga wannan daidai ne. Da ta rubuta wa majami'ar Angilikan aka ce mata ƙarfe 11, wato za a tashi bayan sha biyu. Lokutan sujada sukan canza, kowa ya tambaya da kansa kafin ya tafi.

Daga 12:30 zuwa 4, sa'a uku da rabi ke nan, ciki har da tafiya da dawowa. Wuri ɗaya kawai za su ɗauka. Nan muka yi ta fama.

Gaɓar da al'ada ta ce jirgin ya fashe tana arewacin tsibirin, suna kiranta San Pawl il-Baħar, wato Bulus na bakin bahar. Kimanin kilomita 16 ne daga Baleta, amma in hanya ta cushe mota takan ci kusan sa'a guda, ran Lahadi kuwa duk gari can yake nufa domin wanka a teku, da yamma kuma su dawo gaba ɗaya. Ainihin wurin ma ɗan tsibiri ne da ba kowa a kansa sai mutum-mutumin Bulus, mota ba ta zuwa, sai hange ko kwale-kwale. Rabat kuwa tana tsakiyar tsibirin, motoci masu lamba 51, 52 da 53 duk suna zuwa can daga Baleta, tafiyar rabin sa'a da 'yan kai. A can ne kogon da ake cewa Bulus ya zauna yake, inda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi addu'a a 1990, Benedik a 2010, Faransis a 2022. Akwai kaburburan Kiristocin farko da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma tsohon birnin Imdina a jikinta, inda al'ada ta ce babbar majami'ar tana kan gidan Babiliyas. Hanya mai lambobi uku ta fi hanya mai nisa da cunkoso, in ɗaya ta wuce ka wata tana tafe. Kasuwar kifi ta Marsashilok, wadda take ci ran Lahadi, da tsibirin Gozo, ko zancensu ban bari an yi ba.

Mama ta karɓi wayar. Ta ce, "Malam, shekarata saba'in da ɗaya. Kana tsammani zan sāke zuwa ne?" Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Luka bai faɗi sunan gaɓar ba, ya ce dai wani lungu ne mai rairayi, kuma masana har yau ba su daidaita a kan wurin ba. Kogon ma al'adar mutanen wurin ce, Littafi bai ambace shi ba. Abin da Littafi ya tabbatar shi ne tsibirin, kuma duk inda kika sa ƙafa a kansa kike." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce wa 'yarta ta karɓi abinta. Ban ji daɗi ba, amma ban janye ba.

Ina wannan lissafi na mintoci, zuciyata tana kan wasu matafiyan. Ta wannan teku ne samarinmu da na Nijar suke bi daga Libiya cikin kwale-kwalen roba, bayan sun ratsa Agadas da hamada. Waɗansu an tsamo su an kai su Malita, sun zauna a sansanoni irin na Hal Far, inda Paparoma Faransis ya ziyarce su a Afrilun 2022. Waɗansu da yawa ruwa ya ci. Na roƙi 'yar'uwar nan, in ta ga baƙar fata a majami'a ko a tasha, ta yi sallama da Hausa ta gani.

Sun tafi cikin watan Mayu. Suka sauka ƙarfe 8:30, suka hau na'ura, suka zaga Baleta sannu a hankali, gama tsawon birnin bai wuce kilomita ɗaya ba, kantuna da yawa kuma a rufe. Suka yi sujada, suka ci Jibin Ubangiji. Ƙarfe 1:20 suna Rabat. Mama ta sauka cikin kogon tana dafa bango, ta yi waƙa ɗaya ta zumuntar mata da Hausa, a hankali. Daga kan ganuwar Imdina aka nuna mata teku can nesa, ta tsaya tana kallo har 'yarta ta fara duba agogo. Ƙarfe 2:45 suka tsaya a tasha kamar yadda muka shirya. Motar farko ta zo a cike ta wuce su. Ta biyu ta ɗauke su, wani saurayi ya tashi ya ba Mama kujera. Da ta yi masa sannu, sai ya amsa da Hausa, ashe mutumin Tawa ne, shekararsa shida a can yana aikin gini. Suka yi ta hira har Baleta, ya raka su bakin na'urar, ya ƙi karɓar kome.

Ƙarfe 3:55 suka nuna katinsu a ƙofar jirgi. Da Mama ta dawo gida ta kawo mini ɗan dutse fari da ta tsinta a bakin hanyar Rabat, ta kuma ce har yanzu tana bina bashin gaɓar teku.