Laulayin ciki da katin inshora: jita-jita da gaskiya a birnin Zariya

A layin awo da gidajen suna na cikin ganuwar Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, akwai maganar da ta zauna daram a bakin mata: wai inshorar lafiya ba ta biyan maganin laulayi. Mace ta miƙa katinta a tagar magani, an ce mata, "Hajiya, wannan ba ya ciki, sai dai kemis." Kafin la'asar labarin ya gama unguwa.

Maganar tana da tushe, amma ba duka ba. Tsarin inshora na tarayya, wanda ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS kafin dokar 2022 ta mayar da shi NHIA, yana da jerin magungunan da yake biya, kuma da sunan sinadari ake rubuta su, ba da sunan kamfani ba. In likita ya rubuta wani mai tsada da ba ya cikin jerin, za a ƙi shi. Sai dai kula da mai juna biyu na cikin abin da tsarin ya ɗauke, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne kawai ke kan ma'aikaci. Akwai tsofaffin magungunan amai masu araha, irin su promethazine da metoclopramide, da likitoci suka daɗe suna bai wa masu ciki. Don haka wadda aka hana ta koma wurin likita ta tambayi madadinsa da ke cikin jerin. Wani lokacin ma maganin ne ya ƙare a asibitin, aka faɗa mata da lafazin da ya sa ta zaci ba ta da haƙƙi. Masu katin KADCHMA, inshorar lafiya ta jihar Kaduna, su ma su nemi a nuna musu nasu jerin.

Magana ta biyu ta fi cutarwa: wai laulayi ba ciwo ba ne, raki ne. Gaskiya ne mafi yawan masu ciki na fama da tashin zuciya, kuma yakan lafa tsakanin mako na 16 zuwa 20. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci citta da bitamin B6 cikin abubuwan da ke sauƙaƙa shi. Amma akwai mai tsanani, wanda likitoci ke kira hyperemesis gravidarum. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ya san kamanninsa: gwangwanin tofar da yawu a gefen katifa, ko ruwa ba ya zama a ciki, leɓe ya bushe, fitsari ya ragu ya yi duhu, zani na kwancewa saboda rama. Shi ne ya kwantar da Catherine, matar Yarima William na Ingila, a asibiti a Disamban 2012. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2023 ya danganta shi da wani sinadari mai suna GDF15 da ke ƙaruwa a jinin mai ciki. Babu shagwaɓa a nan. Mai irin wannan laulayin ƙarin ruwa take buƙata.

Tsoron cewa maganin amai na nakasa jariri kuwa ya samo asali daga thalidomide, wanda ya jawo haihuwar yara fiye da 10,000 da nakasa kafin a janye shi a 1961. Wannan ya faru. Amma haɗin doxylamine da B6, da ƙararraki suka kora daga kasuwar Amurka a 1983, ya dawo a 2013 da amincewar FDA, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, bayan bincike ya wanke shi. Haɗarin yana ga maganin da aka saya kai tsaye ba da sanin likita ba.

Sai batun lambar izini daga kamfanin inshora, wadda kan zaunar da iyali a benci yini guda. Tun Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su bayar da ita cikin awa ɗaya, kuma a halin gaggawa a fara jinya kafin ta zo. Maigidan da matarsa ta kwana ta yini ba ta riƙe ko kurɓin ruwa ba, ya ɗauke ta zuwa asibiti a ranar. In an ƙi, ya nemi dalili a rubuce, ya adana rasit, ya kai ƙorafi ofishin NHIA ko KADCHMA.