Zuwa da Kai Ya Fi Aike: Bayani a Kan Jinyar Iyaye Idan Sun Tsufa

 Akwai wani al'amari da ya yawaita a tsakanin fatake da masu tafiya neman ilimi, wanda ya kamata malamai su riƙa tunatarwa a kansa. Mutum zai bar Kano ko Katsina ko Damagaram, ya zauna a Ikko ko Kumasi shekara da shekaru, kowane wata ya aika wa mahaifiyarsa kuɗi ta waya, sa'an nan ya ɗauka ya sauke nauyi. Ita kuwa tsohuwar tana ɗaki, ga hatsi a rumbu, amma babu mai tayar da ita zaune in za ta sha fura.

Ciyarwa dai wajibi ce, babu saɓani. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halilu an tabbatar da cewa ciyar da iyaye matalauta tana kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata, kuma maganar da aka rinjayar ita ce a raba nauyin gwargwadon wadatar kowa. Ba ya halatta mutum ya ba su zakkarsa a madadin wannan ciyarwa, domin yin haka tsare dukiyar kai ne da haƙƙin mabuƙata. Amma ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun ambaci tsufan iyaye a wurin ɗansu, watau kusa da shi, suka hana ko ƙosawa da su, suka yi umurni da tausasa magana da ƙanƙan da kai. Waɗannan kuwa ba a aika su a cikin jaka. Uwaisul Ƙarani ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai ga Annabi ba, amma ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Sayyidina Umar da kansa ya roƙe shi ya nema masa gafara.

Galibi wahalar jinya tana faɗawa kan mace ɗaya, ko ɗiyar da ke gida, ko matar ɗa. To, a sani hidimar iyaye a kan 'ya'yan cikinsu take. Abin da matar ɗa ta yi alheri ne daga gare ta, sai a gode mata, a sauƙaƙe mata wasu ayyukan, kada a mai da ita baiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su zauna su yi rabo: wannan ya ɗauki kuɗin magani, wancan ya riƙa kai wa asibiti, wata ta zo ta kwana biyu don mai jinya ta samu barci. Wanda ke nesa ya sa wa kansa lokacin zuwa kamar yadda yake sa ranar sarin kaya.

Daga cikin kyautatawa akwai sanin halin jikin tsoho. Hawan jini ba ya yin sallama, sau da yawa ba a jin kome sai ya kayar da mutum, saboda haka a riƙa aunawa, kuma wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya. Idan aka ga baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya yi nauyi, ko harshe ya sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A yi addu'a ana tafe, a nufi asibiti a wannan sa'a, domin jinkiri yana ƙara ɓarna. Wanda ya kwanta ba ya iya motsi a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, a tsabtace shimfiɗarsa ta bushe, don kada gyambo ya kama masa baya da ƙugu. Mai ciwon suga a duba ƙafafunsa kullum, gama ƙaya tana iya sukarsa bai ji ba. Da bazara a riƙa miƙa wa tsoho ruwa ko bai nema ba, don jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. Da hunturu kuma kada a rufe shi a ɗaki da kaskon gawayi, iskar da garwashi ke fitarwa tana kashewa cikin barci. Yanar ido kuwa aiki kaɗan ke cire ta, bai kamata a bar dattijo ya daina karatun Alƙur'ani saboda ita ba.

Mafi nauyin jarrabawa shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan jikanta, ta ce an sace mata zane, ta fita da dare tana neman gidan da ta baro tun tana amarya. Jahilai sukan ce maita ce ko aljanu, har a tsangwame ta ko a jefe ta, wannan kuwa zalunci ne mai girma. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana mafi yawan nau'insa a shekarar 1906, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu gigin tsufa sun haura miliyan 55. Ba a yin musu da mai wannan hali, ba a ɗaure shi. A bi shi da lallashi, a bar kayansa inda ya saba, a sanar da maƙwabta su maido shi in ya ɓata, a kai shi likita ya duba, domin wani ruɗewar daga zazzaɓi ko wani magani yake, yana kuwa warkewa. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kada a tsananta masa a kan salla.

Shari'a ta yi wa tsoho rangwame, kada 'ya'ya su ƙuntata abin da Allah ya yalwata. In ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, in ya kasa zama ya yi a kishingiɗe, in ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. In azumi ya gagare shi ya sha, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a kowace rana. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Anas ɗan Malik haka ya riƙa yi da ya manyanta.

Riba tana dawowa in ta wuce, kasuwa kuma tana ci gobe, amma uwa da uba in sun tafi ba a sayo su. Yaran gida suna kallon yadda ake yi wa kakanninsu, abin da suka gani shi za su yi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya sa a gama da iyaye lafiya, amin.