Shugaban Jami'ar da Ya Buɗe Ƙofa Ranar da Ake Jiran Ya Kulle

A ƙarshen watan Afrilu na 1970 garin New Haven, a jihar Connecticut ta Amurka, ya shiga zullumi. Masu shaguna sun buga katako a tagogi, an girke dakarun tsaro, ana jiran dubban masu zanga-zanga ranar 1 ga Mayu. Abin da ya tara su shi ne shari'ar Bobby Seale, shugaban ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther, wanda ake tuhuma da ba da umarnin kashe wani ɗan ƙungiyar, Alex Rackley. Filin taron kuwa yana jikin Jami'ar Yale. Mutane da yawa sun zaci shugaban jami'ar, Kingman Brewster, zai garƙame ƙofofi ya kira 'yan sanda. Sai ya ce a bar su a buɗe, a ba baƙi abinci da wurin kwana, a tanadi masu ba da agajin gaggawa. Kimanin mutum 15,000 suka hallara. An harba barkonon tsohuwa, bam ya tashi a ɗakin wasan ƙanƙara na jami'ar, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Masu cewa wannan sakaci ne ko tsoro ba su kalli abin da ya faru a maƙwabta ba. A 1968 shugaban Jami'ar Columbia, Grayson Kirk, ya kira 'yan sanda su fitar da ɗaliban da suka mamaye gine-gine. Aka kama sama da 700, aka raunata da dama, shi ma bai kai ƙarshen shekarar a kujerarsa ba. A 1969 Nathan Pusey na Harvard ya bi sahu, kuma duka da kulki ya sa har ɗaliban da ba ruwansu da rikicin suka shiga yajin karatu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Brewster ya gane cewa masu tsattsauran ra'ayi 'yan kaɗan ne, kuma ba abin da suke nema kamar a zubar da jini, domin jini shi ke ja musu jama'a. Kulle ƙofa zai ba su abin fasawa. Buɗe ta ya raba su da hujja.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma nan ne ainihin darasin yake. Da ɗalibai ba su yarda da shi ba, da buɗe ƙofar ta zama buɗe wa wuta hanya. Yardar kuwa shekara bakwai ya yi yana gina ta. Brewster ɗan gata ne gaba da baya, jikan turawan farko da suka sauka a yankin, ya yi karatu a Yale da Harvard, ya tuƙa jirgin saman sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Yale ɗin da ya karɓa a 1963 makaranta ce ta 'ya'yan masu hali, inda kasancewar uba tsohon ɗalibi kan share wa ɗa hanya. Shi da jami'in ɗaukar ɗalibai da ya naɗa, Inslee Clark, suka juya akalar zuwa ga haziƙan makarantun gwamnati, da Yahudawa, da baƙar fata, aka daina duba aljihun uba kafin a ɗauki yaro. A 1964 jami'ar ta ba Martin Luther King digirin girmamawa, a 1969 ta fara ɗaukar mata a matakin digiri na farko. Don haka ranar da ƙura ta tashi, ɗalibai, har da baƙar fata, su ne suka tsaya a matsayin masu kwantar da tarzoma, saboda suna ganin gidan nasu ne.

Akwai sukar da ta fi zargin sakaci nauyi. Mako guda kafin taron, Brewster ya faɗa a gaban malamai cewa yana shakkar ko 'yan gwagwarmayar baƙar fata za su sami shari'ar adalci a ko'ina cikin Amurka. Mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew ya nemi a tsige shi, wasu alƙalai da lauyoyi suka ce ya zubar da mutuncin kotu alhali magana tana gabanta. Suna da abin kamawa, domin an kashe mutum da gaske, kuma a 1971 alƙali ya sallami Seale bayan masu taya shi yanke hukunci sun kasa cimma matsaya, abin da ke nuna kotun ba ta rufe ido ba. To amma wata huɗu aka shafe ana neman waɗanda za su zauna shari'ar ba tare da sun riga sun yanke hukunci a zuci ba. Shakkarsa ba ta banza ba ce, ko da yake ya faɗe ta da faɗin da ya wuce kima.

Masu cewa sa'a ce kawai su ma ba su yi ƙarya duka ba. Da bam ɗin nan ya tashi cikin cunkoso, da wani labari ake bayarwa yau. Amma sa'a ba ta bayyana dalilin da ya sa kwana uku bayan haka dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State, sannan 'yan sanda suka kashe mutum biyu a Kwalejin Jackson State cikin watan. Kuma ba a ce Brewster ba shi da tabo ba. A 1963 ya matsa wa ɗalibai suka janye gayyatar da suka yi wa gwamna George Wallace, mai ra'ayin wariyar launin fata, wanda hakan tauye 'yancin magana ne komai munin baƙon. Tsofaffin ɗalibai masu kuɗi sun yi fushi da sauye-sauyensa, wasu suka janye hannu, jami'ar ta yi fama da giɓin kuɗi a ƙarshen zamaninsa.

Ya sauka a 1977, Shugaba Jimmy Carter ya tura shi jakada a Birtaniya, ya rasu a Oxford a 1988. Shekara guda kafin rasuwarsa, Kurt Schmoke, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka taya shi riƙe harabar a Mayun 1970, ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa magajin garin Baltimore.