Gam Ba Ya Gyara Inji: Tsakanin Gaskiya da Ji-ta-ji-ta a Garejojin Nima

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji a Nima ko Maamobi ya san jan gam ɗin nan da fitoci ke yaɓa wa inji har ya yi leɓe ta gefe. Direbobin tasi da na turoturo da yawa sun ɗauka wannan leɓen ne shaidar cewa masta bai yi rowa ba. Ina roƙonku ku daina ɗaukarsa haka.

Maganar da ta fi yawo ita ce gam in ya yi yawa ya fi riƙewa. Ba haka ba ne. Idan aka ɗaure noti, abin da ya tsatso waje, kwatankwacinsa ya tsatso ciki, inda ido ba ya kaiwa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya gutsuttsure ya faɗa cikin baƙin mai, ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Mai ya daina hawa yadda ya kamata, sai inji ya buga, mai mota ya nufi Abossey Okai neman wani injin yana zargin wanda ya sayar masa da mai. A ɓangaren ruwa kuma, lagireto yake toshewa. Siririn layi mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ya wadatar a yawancin wurare.

Akwai kuma masu cewa gam gaba ɗaya aikin ha'inci ne. Su ma sun zarce. Injin Toyota Corolla da Vitz, waɗanda suka cika titin Kanda, tun daga masana'anta da gam aka haɗa kaskon mansu da murfin sarƙar taimin, babu gasket a wurin. Sharaɗinsa shi ne a haɗa cikin 'yan mintoci kafin ya fara daskarewa, sannan a ba shi lokaci kafin a zuba mai. Yawancin kwalayen sun rubuta awa 24 kafin ya gama bushewa, amma wane direba ne zai yarda motarsa ta kwana alhali mai mota na jiran kuɗin yini? Nan ake yin asarar.

Inda na fi jin ciwo shi ne gasket ɗin kan silinda. Na zamani faranti ne na ƙarfe hawa-hawa, da rufinsa tun daga kamfani, kuma a bushe ake sa shi. Gam ɗin silikon ba ya jure wutar da ke ƙonewa a cikin silinda. In kan injin ya tanƙware saboda zafi, babu gam ɗin da zai cike giɓin. A ɗora madaidaicin ƙarfe a auna. A injuna da dama iyakar da aka yarda ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wato kaurin gashin kai. Ya wuce haka, sai a kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita shi. Haka nan kada silikon ya kusanci kafireto ko hanyar fetur, domin fetur na cinye shi. Irin silikon mai warin tsami kuma yana iya lalata na'urar auna iska da ke kan salansa.

Sai batun wankewa, wanda shi ne rabin aikin amma ake barin wa ƙaramin yaron gareji. An ce a kankare da sukuddireba a bi da samfefa ko faifan gogewa har ya yi ƙyalli. Kan injin yanzu alminiyum ne, yana da laushi. Kowane ƙarce hanya ce ta ruwa ko mai. Kamfanin General Motors na Amurka ya daɗe da gargaɗin makanikansa game da faifan gogewa, saboda ɓurɓushinsa na shiga cikin mai ya cinye metal ɗin karanshaf. Makankari na roba da haƙuri sun fi, bayan an toshe ramukan mai da tsumma mai tsabta.

Cewa gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo, wannan gaskiya ce. Shi ya sa wanki da dizal ko kananzir bai isa ba, suna barin santsi. A ƙarasa da tina ko ruwan wanke birki, a bari ya bushe. Fetur da ake yawan amfani da shi, ga mai walda yana aiki kamu biyu daga nan, haɗarinsa ba sai an faɗa ba.

Ramukan noti ma a tsane su. Ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami na iya tsaga jikin inji yayin ɗauri. Ɗaurin kuma daga tsakiya ake farawa a fita gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. In aikin ya faɗo lokacin hunturu, a garejin da ba shi da rufi a bakin titin Nima, a lulluɓe injin da aka buɗe ko da na tashi sallar azahar ne.